Yadda Baƙin Man Mota da na Babur Suka Raba Gari

Idan ka ɗauki galan ɗin baƙin mai ka juya bayansa, za ka ga wasu haruffa da lambobi a jere: SAE 20W-50, API SL, a wasu kuma har da JASO MA2. Yawancinmu ba ma tsayawa karanta su. Mai tsohon babur yakan je shago ne ya ce a ba shi "mai kyau", mai shago kuma ya miƙo masa wanda ya fi tsada, ko wanda masu sababbin motoci suke yabo. Bayan 'yan kwanaki sai ka ji ƙorafi: babur yana ihu a kan hawa amma ba ya ja, an canza faifan kuloci, ba a jima ba ya koma gidan jiya. Sai a ce ai jabu aka sayar masa. Sau da yawa kuwa man na gaske ne, har ma ya fi wanda aka saba zubawa inganci. Kawai dai ba don irin wannan injin aka haɗa shi ba.

Kowanne daga cikin rubutun nan uku yana da shekarar da aka haife shi, da matsalar da ta sa aka ƙirƙiro shi. Ga ɗan acaɓa ko manomin da baburinsa ne jarinsa, sanin wannan tarihin ba ƙaramin abu ba ne, domin inji ɗaya da ya buga kan lashe abin da aka daɗe ana tarawa.

Toshiyar da ta ƙi zama

Sai a 1883 aka fahimci ainihin abin da mai yake yi a tsakanin ƙarfe biyu. Wani injiniya ɗan Ingila, Beauchamp Tower, yana gwaji a kan sandar ƙafar jirgin ƙasa da mazaunin da take juyawa a ciki. Ya huda rami a saman mazaunin don ya riƙa ɗura mai, sai ya ga in sandar tana juyawa man yana tasowa ta ramin. Ya toshe, toshiyar ta fito. Ya buga ta itace, ita ma man ya tunkuɗo ta waje a hankali. Da ya ɗaura ma'aunin matsi a wurin, allurar ta wuce ƙarshen ma'aunin. Shekara uku bayan haka, a 1886, Osborne Reynolds ya fito da lissafin da ya bayyana abin: sandar da ke juyawa tana jan mai ta cusa shi cikin matsatsin wuri, matsin da ke taruwa a nan ya ɗaga ta sama. Wato ƙarfen ba ya taɓa ɗan'uwansa, yawo yake a kan shimfiɗar mai wadda kaurinta bai kai na silin gashi ba.

Ƙarfin wannan shimfiɗa ya dogara da abu uku: gudun juyawa, nauyin da ke kai, da kaurin man. In mai ya tsinke kamar ruwa, shimfiɗar ta yage. In ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ba ya isa inda ake buƙatarsa da wuri. Duk rigimar da ta biyo baya a kan wannan ma'auni take.

Baburan farko, tun daga na Hildebrand da Wolfmüller da aka fara sayarwa a Jamus a 1894 har zuwa bayan yaƙin duniya na ɗaya, ba su san wani abu wai shi juye ba. Mai yana shiga inji ne ya ƙone ko ya ɗige a ƙasa, ba ya dawowa. A da yawa daga cikinsu akwai ɗan famfon hannu a jikin tanki, matuƙi yana tafiya yana dannawa lokaci-lokaci. In ya manta, inji ya cije. In ya zaƙe, fulogi ya jiƙe, hayaƙi ya turnuƙe na bayansa. Gwani shi ne wanda zai waiwaya ya ga ɗan siririn shuɗin hayaƙi ya san ma'auni ya yi daidai. Kamfanin Harley-Davidson ma sai a 1936 ya fito da injin da mai ke zagayawa ya koma tanki.

Man da masu tsere suka fi so a wancan zamani kuwa, abin mamaki, ba na ƙarƙashin ƙasa ba ne. Man zurma ne, wannan dai tsiron da ke fitowa a bayan gari da bakin kwata. Yana manne wa ƙarfe mai zafi fiye da ɗanyen man da matatun lokacin ke iya tacewa, shi ya sa har jiragen saman yaƙin duniya na ɗaya suka dogara da shi. Charles Wakefield, wanda ya kafa kamfaninsa a Landan a 1899, daga sunan zurma a Turanci ya samo sunan Castrol a 1909. Illarsa ita ce yana saurin lalacewa, ya bar danƙo kamar ƙaro a cikin zoben fistin, ga shi ba ya jituwa da man ma'adinai in an gauraya su. Mai tsere da ke kwance injinsa bayan kowace gasa bai damu ba. Mai zuwa kasuwa kullum ba zai iya ba.

Lambobi da sinadarai

Kafin 1911, "mai kauri" da "marar kauri" kowane kamfani da nasa awon. A shekarar ne ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ta fara fitar da ƙa'ida ɗaya, aka yi ta gyara ta har ta zama lambobin da muka sani. A yau ana auna kaurin ne a zafin digiri 100. SAE 30 shi ne man da kaurinsa ya faɗa tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin santistok, SAE 40 daga 12.5 zuwa 16.3, SAE 50 daga 16.3 zuwa 21.9. Don ka samu abin kwatance, ruwan randa bai wuce 1 ba. A lura da kyau, lambar SAE ba ta ce komai game da inganci. Kauri kaɗai take faɗa.

Matsalar kowane mai ita ce yana daskarewa da sanyi, yana tsinkewa da zafi, kamar man shanu. A Turai da Amurka sai an canza mai sau biyu a shekara, marar kauri da hunturu, mai kauri da bazara. A shekarun 1950 aka samo dabara: a ɗauki mai marar kauri a narkar da wasu dogayen zarurrukan sinadari a ciki, waɗanda ke hana shi tsinkewa sosai in ya ɗauki zafi. Daga nan aka samu mai mai lamba biyu. A 20W-50, harafin W daga kalmar lokacin sanyi ne a Turanci, kuma 20W na nufin an gwada man a digiri 15 ƙasa da sifili ya bar inji ya juya. 10W kuwa a 25 ƙasa da sifili ake gwada shi. To ka ga, a Kano ko Maraɗi, inda ko a tsakiyar hunturu ruwa ba ya ƙanƙara, lambar farko ba ita ce abin tashin hankali ba. Ta biyun ce ke aiki da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ya haura 40.

Ana cikin haka man da kansa ya daina zama mai zalla. A shekarun 1930 injinan dizal na Caterpillar suka riƙa samun zoben fistin yana maƙalewa saboda datti, aka fara zuba wa mai sinadaran wanki masu riƙe datti ya yi ta yawo a ciki maimakon ya kwanta. A farkon shekarun 1940 aka yi rajistar wani sinadari da ake taƙaita sunansa da ZDDP, haɗin tutiya da fosforas da farar wuta. Da farko don hana mai lalacewa da hana tsatsa aka kawo shi. Sai a shekarun 1950, da manyan injinan motocin Amurka suka fara cinye kamshaf da tafet, aka lura cewa man da ke da ZDDP ba ya barin hakan ta faru. A kan ƙusumbin kamshaf matsi ya yi yawa, gudu ya yi kaɗan, shimfiɗar nan ta Tower ba ta iya tsayawa. A irin wurin ne zafi da gogayya ke narkar da ZDDP ya zama wata siririyar fata mai kama da gilashi a kan ƙarfen, ita ke cinyewa a madadinsa, tana gogewa tana sake tsirowa.

Don a bambance man da ke da waɗannan sinadarai da wanda ba shi da su, cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta fito da nata rabe-raben a 1947, daga baya aka koma haruffan da ake gani yanzu: SE a farkon shekarun 1970, SF a 1980, SG a ƙarshen shekarun 1980, SJ, SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Harafi na biyu yana gaba, gwajin yana ƙara tsanani. Amma fa duk injin mota ake gwadawa.

Kwano ɗaya, baki uku

A mota, inji da mansa, giya da nata man, kuloci kuma a bushe yake. Tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph da BSA ma kusan haka suke, kowane sashe da nasa, ko bayan da aka haɗe su a gida ɗaya. BMW kuwa busasshen kuloci ne da shi kamar mota. Kamfanonin Japan ne suka yaɗa tsarin da ya mamaye duniya, inda a injin da ba a gauraya masa mai da fetur ake zuba mai ɗaya ya yi aiki uku: ya shafe inji, ya shafe haƙoran giya, ya kuma jiƙa faifan kuloci. Honda Super Cub da ya fito a 1958, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100, haka yake. Duk roba-roba da Jincheng da Lifan da Boxer da ke kan titunanmu a wannan tsari suke.

Bakunan nan uku ba abinci ɗaya suke so ba. Inji yana son santsi. Kuloci yana son ya jiƙa don ya huce, amma in aka sake shi ya cafke ba tare da zamewa ba. Haƙoran giya kuma niƙa suke yi, suna daddatsa zarurrukan nan da ke riƙe kaurin mai, har 20W-50 marar ƙarko ya koma kamar 40 ko ƙasa tun kafin lokacin juye. Ƙara da cewa injin iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto, juyinsa ya ninka na mota, kuma man gaba ɗaya lita ɗaya ne ko ƙasa, alhali ƙaramar mota tana shan kusan huɗu. Masu ilimin mai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin lalacewar mai. Babur da ke tsaye cikin cunkoso da rana tsaka ba ya samun iskar ma.

Honda sun ga wannan da idonsu. A 1974 suka tura ma'aikatansu biyu suka zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da Iran da Pakistan don su gano dalilin da ya sa baburansu ke mutuwa da wuri a can. Suka tarar ana ɗora wa babur mutum uku har huɗu, ba a kai shi wurin bakanike sai ya tsaya cak, mai kuma ana barin sa har ya zama kamar kwalta. A injinan da suke sayarwa, kamshaf yana can saman kai, yana juyawa kai tsaye a jikin alminiyam, kuma ta wata 'yar siririyar hanya mai ke hawa ya same shi. Da hanyar ta toshe, kan inji ya tafi. Maganin da suka kawo shi ne CG125 na 1975: suka sauko da kamshaf ƙasa inda mai yake, suka sa sanduna suna tura bawul, suka sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wato injin da aka zana tun asali don ya jure sakaci. Ya zo daidai da lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a Nijeriya aka shiga sayen babura, kuma a 1979 Honda suka kafa kamfanin harhaɗawa a Ota ta jihar Ogun. Masana'antun China sun kwafi injin CG ba adadi, shi ya sa ko yau bakanike a Funtuwa ko Damagaram zai kwance shi ido rufe.

Har zuwa wannan lokacin, man mota mai kyau man babur ne mai kyau. Littattafan baburan Japan na shekarun 1970 da 1980 suna cewa ne kawai a zuba API SE ko SF, 10W-40 ko 20W-50 gwargwadon zafin gari. Dattijon bakaniken da ke cewa "mu da man mota muka saba zubawa ba abin da ya faru" gaskiya yake faɗa. Man motar ne ya canza.

Inda aka rabu

Abu biyu suka faru a Amurka kusan lokaci ɗaya. A 1973 ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da ɗanyen mai, farashi ya yi tashin gwauron zabo, a 1975 aka kafa dokar tilasta wa masu ƙera motoci su rage shan fetur. Hanya mafi arha ta rage shan fetur ita ce a rage gogayya a cikin inji, don haka aka riƙa rage kaurin mai, daga 10W-40 zuwa 5W-30, yau har 0W-20, aka kuma ƙara masa sinadaran santsi, musamman masu molibdinam. Ga mota wannan riba ce zalla. Ga kulocin da ke wanka a cikin man kuwa, kamar a shafa wa birki sabulu ne. Faifan yana zamewa, zamewar tana haifar da zafi, zafin ya ƙone fuskarsa ta yi sulɓi, daga nan ko an canza mai ba ya dawowa daidai.

Na biyu, daga motocin 1975 aka fara sa matatar hayaƙi a cikin salansa, abin nan da kanikawanmu ke kira indomi. Fosforas ɗin da ke cikin ZDDP, in ya bi hayaƙi, yana lulluɓe ƙarafa masu tsada da ke cikinta ya kashe ta a hankali. Sai aka fara sa masa iyaka a man ƙananan motoci: kashi 0.12 cikin ɗari a farkon shekarun 1990, 0.10 bayan 'yan shekaru, 0.08 a 2004.

Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki suka ga cewa harafin API ya daina ba su tabbacin komai game da kuloci. Don haka a 1998 hukumar ƙa'idojin motoci ta Japan, JASO, ta fito da ma'auni na babura kaɗai, mai lamba T903. Ana jiƙa faifan kuloci a cikin man a kan na'ura, a auna yadda yake kamawa yana juyi, yadda yake riƙewa a tsaye, da daƙiƙun da yake ɗauka kafin ya tsaya. Man da ya riƙe sosai shi ne MA. Mai santsi shi ne MB, na ƙananan baburan nan marasa canjin giya waɗanda kulocinsu a bushe yake. A 2006 aka raba MA gida biyu, MA1 da MA2, na biyun ya fi riƙo. A gyaran 2006 ɗin ne kuma aka ce fosforas a man babur ya kasance tsakanin 0.08 da 0.12. Duba da kyau: inda rufin man mota ya tsaya, nan ne daɓen man babur ya fara.

A nan ya kamata a rage wa maganar gishiri, domin masu son tsofaffin injina a Turai da Amurka sun mayar da batun ZDDP abin firgici. Iyakar nan ta fosforas ta fi shafar mai marar kauri ne, irin su 5W-30 da 10W-30 masu tambarin tsimin fetur. Ba ta ɗaure 10W-40 ko 20W-50 ba. Sannan ƙaramin inji mai 100 ko 125, wanda sifirin bawul ɗinsa ba shi da wani ƙarfi, ba ya matsa wa kamshaf kamar injin tsere. A ganinmu, ga baburan da ke yawo a nan, haɗarin kuloci ya fi na kamshaf kusa nesa ba kusa ba. Kuma 'yan kwalaben nan na "ƙarin ƙarfin inji" da ake tsiyayawa a kan mai, mafi yawansu ko dai sinadarin santsi ne, ko na ƙara kauri. Na farko yana kashe kuloci, na biyu yana ɓoye ƙarar injin da ya riga ya ci, bai gyara komai ba.

Haka batun man da ake haɗawa a masana'anta, wanda ake kira sintetik. Jamusawa ne suka yi nisa a bincikensa a shekarun 1930 da 1940, injinan jirgin sama suka fara cin moriyarsa, Mobil 1 ya shiga kasuwar Amurka a 1974. Ana yawan cewa yana sa kuloci zamewa, alhali ba asalin man ne ke jawo hakan ba, sinadarin santsin da aka zuba masa ne. Sintetik mai tambarin MA2 ba ya zamewa. Zancen yoyo kuma yana da tushe: na farko-farkon sun riƙa ƙanƙance robar sil, an kuwa daɗe da gyara wannan. Abin da ya rage shi ne in sil ya tsufa ya bushe, datti ne ke toshe tsagar, mai mai wanki sosai ya zo ya wanke dattin, yoyon da ke ɓoye ya bayyana. Ko kalmar ma ta yi laushi, tun da a 1999 wata hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka ta yarda a kira man ma'adinai da aka tace matuƙar tacewa da wannan suna.

Masu shan gauraye

Vespa da tsofaffin Suzuki da Yamaha masu hayaƙi labarinsu daban ne, domin su har yau a zamanin mai-ba-ya-dawowa suke. Man yana bin fetur ya shiga, ya shafe boris da fistin, ya ƙone. Vespa da Piaggio ya fara ƙerawa a Italiya a 1946 kashi 5 cikin ɗari ake gauraya masa, wato mililita 50 a litar fetur. Samfuran da suka biyo baya daga wajen 1959 suka koma kashi 2, mililita 20. A 1964 Yamaha suka kawo famfon Autolube da ke auna man da kansa daga wani tanki daban. Tunda man ƙonewa zai yi, sinadaran wankin da ke amfanar injin juye su ne ke zama toka a nan, su toshe fulogi da bakin salansa. Shi ya sa JASO ta ware musu nasu ma'aunin tun 1994, FA da FB da FC, daga baya aka ƙara FD. FC da FD sun fi ƙarancin hayaƙi. Baƙin man juye, sabo ne ko tsoho, ba abin gaurayawa ba ne. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: in ka zabga mai fiye da ƙima don "kariya", ka rage yawan fetur da ke bi ta idon kafireto ke nan, inji kuma ya ƙara zafi. Gidan giyar irin waɗannan babura yana da nasa man daban, a tsohuwar Vespa SAE 30 ne, ba man giyar mota ba.

A gaban mai shago

Idan babur na juye ne mai jiƙaƙƙen kuloci, abin da za a fara nema a bayan galan shi ne MA ko MA2. Man da aka yi wa rajista da gaske yakan zo da tambari mai kusurwa huɗu da lambar rajista a samansa. In an ga tambarin API mai da'ira an rubuta alamar tsimin fetur a ƙasansa, na mota ne, a ajiye. Harafin API da ya wuce wanda littafin babur ya ambata ba laifi ba ne muddin akwai MA. Man dizal 15W-40 da wasu ke zubawa, akwai mai ɗauke da MA akwai marar shi, sai an duba.

Kauri kuwa littafin babur ne alƙali. Inda littafin ya ɓace tun zamanin mai shi na farko, 20W-50 ko 10W-40 su ne abin da masu ƙera irin waɗannan injina suka saba rubutawa don ƙasa mai zafi, kuma injin da ya sha tafiya, gibin da ke tsakanin ƙarafansa ya buɗe, ya fi jin daɗin na farkon. Sai dai kauri ba gasa ba ce. A roba-roba da sauran masu kamshaf a sama, mai mai lamba ɗaya irin SAE 50 da sassafen hunturu yana ɗaukar lokaci kafin ya haura ta siririyar hanyar nan, kuma a waɗannan daƙiƙun ne kan inji ke gogar ƙarfe da ƙarfe.

Babban abokin gaba dai yana bakin titi, a cikin kwalaben da ake aunawa daga duro. Sashen man shafawa na matatar Kaduna, da aka buɗe a 1983, da ɗanyen mai na waje aka tsara shi ya yi aiki, domin namu bai dace da wannan ba. Yanzu yawancin tushen man shigo da shi ake yi, kamfanoni su zuba masa sinadarai su sa a galan. Wani kaso kuwa yana zarcewa kasuwa tsurarsa, babu ZDDP, babu sinadarin wanki, babu komai. A jadawalin API irin wannan shi ne SA, kuma abin da cibiyar ta rubuta a kansa shi ne bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Yana da kauri a yatsa, yana da kyan launi, har mai saye ya yaba cewa ya daɗe bai yi baƙi ba. Mai mai sinadarin wanki kuwa yana saurin yin baƙi ne saboda ya ɗauko dattin yana riƙe da shi har ranar juye.

Dattin nan sai an fitar da shi da hannu, domin yawancin waɗannan injina ba su da filtar takarda. Littattafansu da yawa suna sa juye tsakanin kilomita 1,500 da 3,000, su ƙara da cewa a rage in ana tafiya cikin ƙura. Wanda ke yin kilomita 100 a rana ya cinye 2,000 cikin kwana 20. Don haka man ma'adinai na gaske mai MA da ake canzawa a kan kari ya fi sintetik mai tsada da za a bari wata uku ana jin ciwon kuɗinsa. A CG125 da 'ya'yansa akwai 'yar raga a bayan babban murfin da ake kwancewa wajen juye, a wanke ta da kananzir. Akwai kuma wani ɗan kofi a kan karanshaf, a bayan murfin dama, wanda ke juyawa yana wurga datti jikin bangonsa, dabarar da Triumph da BSA ma suka yi amfani da irinta a cikin karanshaf ɗinsu. A roba-roba yana jikin kuloci ne. In aka buɗe na baburin da ya shekara goma ba a taɓa shi ba, za a tarar da wata laka mai ruwan toka ta daskare a ciki, haɗin ƙurar hanya da garin faifan kuloci da na ƙarfe. Da kofin ya cika, ya daina kama komai, dattin sai ya wuce kai tsaye zuwa boris ɗin karanshaf.